JINI MAI FASHEWA: abin da ido ke gani da abin da sai awo ke nunawa a Tasawa da Mayahi

Kowace shekara, daga sa'ad da gero ya fara fid da kai har zuwa lokacin da aka gama ɗaurin damma, asibitin Tasawa da na Mayahi su kan cika da yara. Uwaye na zuwa daga Urafan da Mai Jirgi da Korgom, daga Kanambakashe da Isawan da Sarkin Hausa, wasu a amalanke, wasu a bayan babur, kowace da nata a goye. Galibinsu magana ɗaya ke bakinsu idan malamin asibiti ya tambaye su: jikin yaro ya yi zafi kwana uku, yanzu kuma ya yi fari fat, ko nono ba ya iya tsotsa. Malami ya ja fatar idon yaron ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya ce jini ya yi kaɗan.

«Jini ya yi kaɗan» magana ce da kowa ya saba ji, har ta zama kamar sunan cuta guda. Alhali kuwa ba ta fi a ce rumbu ya yi ƙasa ba. Manomin da ya leƙa rumbunsa kusa da watan bakwai ya tarar hatsi ya ja baya, sai ya nemi dalili. Ko dai damina ce ba ta yi kyau ba, abin da aka zuba tun farko bai taka kara ya karya ba. Ko gindin rumbun ya huje, hatsi na tsiyaya ƙasa. Ko kuwa an zuba da yawa, ba kuma inda ya huje, amma ƙwari sun shiga suna mai da tsaba gari. Haka jinin ɗan Adam ya ke. Akwai wanda jikinsa ba ya yin jini isasshe don rashin abinci mai gina jiki. Akwai wanda jininsa ke zuba, kamar mai jegon da ta zub da jini wurin haihuwa, ko yaron da tsargiya ko tsutsar ciki ke tatsa a hankali. Akwai kuma wanda jikinsa ke yin jini sosai, ba ya zuba ko'ina, amma ƙwayoyin jinin suna fashewa a cikin jiki tun kwanansu bai ƙare ba. Wannan na ukun shi likitoci ke kira da Faransanci «anemi emolitik», watau ƙarancin jini na fashewar ƙwayoyi. Yana daga cikin masu saurin kai yaro kushewa, kuma shi aka fi yi wa maganin da ba nasa ba.

KWANA 120

Abin da ke sa jini ya yi ja wasu ƴan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin ɗigon da bai wuce kan allura ba akwai kamar miliyan 4 zuwa 5. Kowace ƙwaya cike ta ke da wani sinadari mai suna emoglobin, shi ke ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa daga huhu ya kai ta kowane lungu na jiki. A cikin ɓargon ƙashi a ke yin su, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, dare da rana. Ƙwaya lafiyayya ta kan yi kwana 120 tana zagaya jiki, sa'an nan ta tsufa, saifa ta kama ta ta farfasa. Jiki ba ya ɓarna: ƙarfen da ke cikin ƙwayar a kan mai da shi ɓargo a sake yin sabuwa da shi. Ragowar kuwa ta kan zama wani abu rawaya da a ke kira bilirubin, hanta ta tace shi ta tura maɗaciya, daga nan ya bi hanji ya fita. Shi ne ma ke ba bayan gida launinsa.

To, idan ƙwayoyin suka riƙa mutuwa cikin kwana 20 ko 10, ko kuwa suka fashe rututu cikin yini guda, sai wannan tsari duka ya rikice. Ɓargo ya kan yi ƙoƙari, yana iya riɓa aikinsa sau 6 har 8, amma in ɓarnar ta fi ƙarfinsa sai jini ya faɗi. Mutum ya yi fari a tafin hannu da leɓe da cikin fatar ido, ya riƙa haki da ɗan motsi kaɗan, zuciya na bugawa da sauri don ta cike giɓin. Bilirubin ya yi wa hanta yawa, ya koma cikin jini, farin ido ya zama ruwan ɗorawa. Saifa, da ya ke aikin ya yi mata yawa, ta kumbura har a taɓa ta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In kuwa a cikin jijiyoyi ƙwayoyin ke fashewa, emoglobin ɗin da ya watse ya kan bi ta ƙoda, fitsari ya fito ja wur ko baƙi kamar shayin da aka daɗe ana dafawa.

Fari, da rawayar ido, da kumburin saifa, da baƙin fitsari: duk inda biyu ko uku daga cikinsu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, ya kamata a yi zaton jini na fashewa. Mai ƙarancin jini na yunwa ya kan yi fari, amma idonsa ba ya rawaya.

«SHAWARA BA TA SON ALLURA»

A nan ne wata tsohuwar magana ke shiga tsakanin yaro da asibiti. Duk wanda idonsa ya yi rawaya, a ƙasar Hausa shawara aka ce yana yi, kuma tun kaka da kakanni an riƙe cewa shawara ba ta son allura, wai in aka yi wa mai ita allura ba ya tashi. Saboda haka sai a ajiye majinyaci a ɗaki, a jiƙa masa saiwar rawaya, a ce a bari ta faɗa tukuna. Idan saifa ce ta fito, a kira wanzami ya yi tsaga a kanta. Wani ma har ƙaho a kan yi masa, a ƙara zuƙe ɗan jinin da ya rage.

Maganar ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba, gama akwai shawarar da ta ke daga ciwon hanta, hanta mai ciwo kuwa ba ta son a ɗibga mata magunguna barkatai. Amma rawayar ido alama ce kurum, kamar hayaƙi, kuma wutar da ke ƙasa ba iri ɗaya ba ce. A shawarar fashewar jini hanta lafiyarta lau, kaya ne suka yi mata yawa. Yaron da masassarar cizon sauro ke farfasa wa jini, in an hana masa allura, an hana masa abin da zai tsai da ɓarnar ke nan. Yana yiwuwa ma tushen maganar shi ne jinkiri: a ajiye majinyaci kwana biyar a gida, a kai shi asibiti yana gargarar mutuwa, a yi masa allura, ya cika da dare, gobe gari ya ɗauka allura ce ta kashe shi.

Ɗaya kuskuren a kasuwa a ke yinsa. Da an ce jini ya yi kaɗan sai a nufi mai tallan magani a sayo jar ƙwaya ko ruwan ƙarin jini. Waɗannan ƙarfe ne a cikinsu, kuma suna da amfani ƙwarai ga wanda ƙarfen ya yi wa ƙaranci. Mace mai ciki kada ta bar shan wanda aka ba ta wurin awon ciki. Amma wanda jininsa ke fashewa galibi ba ƙarfe ya rasa ba, gama na ƙwayoyin da suka fashe yana nan a jikinsa. Zuba masa wani daidai ya ke da ƙara hatsi a rumbun da ƙwari ke ci.

ABIN DA KE FASA JINI

Babban mai laifi a wannan yanki sauro ne. Ƙwayar masassarar da ya ke sa wa mutum, wadda a ke kira «palasmodiyom falsiparom», cikin jar ƙwayar jini ta ke shiga ta zauna, ta ci emoglobin, ta hayayyafa, bayan awa 48 ta fasa ƙwayar ta fito da ƴaƴanta, kowanne ya nemi sabuwa. Wannan kaɗai ya isa ɓarna. Abin da masu bincike suka gano daga baya shi ne ƙwayoyin da cutar ba ta ko shiga ba su ma suna taurara, saifa ta kwashe su tare da masu cutar, har lissafi ya nuna a kan kowace ƙwaya mai cuta a kan yi hasarar lafiyayyu kamar takwas. Bugu da ƙari, ɓargo ya kan yi sanyi muddin zazzaɓin na jiki. Shi ya sa yaron da ke wasa ranar Lahadi ya kan wayi gari Laraba fari kamar takarda. Kuma watannin sauro su ne watannin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai shigo ba, sai cutar ta tarar da jinin da yunwa ta riga ta rage.

Tun 2013 aka fara rabon maganin riga-kafin masassara na damina a wasu gundumomin Nijar, har da na jahar Maraɗi, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012: yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Gidan da aka ba yaro na rana ta farko a gaban ma'aikaci, aka kuma ajiye na rana ta biyu da ta uku a ƙarƙashin tabarma, bai yi riga-kafi ba. Akwai kuma abin da ma'aikata ya kamata su riƙa tunawa: allurar artesunat, wadda ta maye gurbin kinin wajen masassara mai tsanani kuma ta ceci rayuka da yawa, wani lokaci jini ya kan sake fashewa mako ɗaya zuwa uku bayan an yi ta. Yaron da aka sallama da sauƙi, in ya sake yin fari bayan mako biyu, a mai da shi a auna.

Na biyu gado ne. Hausawa na ce masa amosanin jini, a asibitocin Nijar a kan ji ana ce masa «emasi», a Nijeriya sikila. Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara kwatanta shi a rubuce a 1910, da ya ga ƙwayoyin jinin wani ɗalibi baƙar fata sun lanƙwashe kamar lauje. Emoglobin ɗin mai wannan cuta, wanda a ke yi wa lamba S, ya kan daskare in iska ta yi ƙaranci, ƙwaya ta tanƙware ta taurara. Irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 kaɗai ta ke yi, kuma ta kan toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi da gaɓoɓi ke tasowa, musamman da hunturu ko in yaro ya sha ruwan sama. Jariri ba ya nuna kome a watanninsa na farko, don jinin da ya fito da shi daga ciki na kare shi. Daga wata shida ne a kan ga bayan hannu da na ƙafa sun kumbura suna zafi, yaro na ta kuka in an taɓa. Uwar da ta ga haka tare da rawayar ido mai zuwa tana komawa, kada ta tsaya neman maganin sanyi.

Wanda ya gaji S daga wajen mahaifi ɗaya kaɗai, watau AS, lafiyarsa ƙalau, har ma masassara mai tsanani ba ta cika kayar da shi ba. Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954, kuma wannan ne dalilin da ya sa S ya yawaita a ƙasashen sauro. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na ya zo SS. Kowane ciki da nasa rabon: ana iya haihuwar huɗu lafiyayyu, ana iya haihuwar uku masu cutar a jere. Auren zumunci, da ya ke jini ɗaya ne, ya kan ƙara haɗa masu S biyu a ɗaki guda. A jihar Kano an sa hannu kan dokar awon lafiya kafin aure a 2024, awon irin jini na cikinta.

Mafi kyawun lissafin da aka yi a ƙauyukan Hausa kan wannan cuta a Garki ne, arewa maso gabas da Kano, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban binciken masassara daga 1969 zuwa 1976. Likita Alan Fleming da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamako a 1979. Sun tarar wajen mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. A cikin jarirai sababbin haihuwa, kimanin 2 cikin 100 SS ne. A cikin waɗanda suka kai shekara goma kuwa, masu SS ba su kai 1 cikin 1.000 ba. Sauran sun mutu tun suna ƙanana, galibi ba wanda ya san sunan abin da ya kashe su. An ce zazzaɓi ne, an ce shawara ce, an ce uwar wabi ta ke yi. Garki da Tasawa ƙasa ɗaya ce ta gero da sauro, iyaka ce kurum ta raba su. Yau da a ke da fenisilin na kullum, da allurar riga-kafi, da gidan sauro, da asid folik, da maganin idroksiyure, yaron da aka gane cutarsa da wuri yana girma har ya yi aure. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 19 ga Yuni don wannan cuta tun 2008, a Yamai kuma akwai cibiya ta ƙasa da aka buɗe musamman dominta.

Na uku shi ma gado ne, amma ɓoyayye, mai shi na iya tsufa bai sani ba. A cikin jar ƙwaya akwai wani mai gadi, sunansa a taƙaice G6PD, aikinsa kare ƙwayar daga wasu abubuwa masu ƙona ta. Mutum wajen miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa, shi ya sa maza suka fi nuna shi. Mai wannan hali lafiya lau ya ke har ran da ya gamu da abin da jininsa ba ya so. Kwana ɗaya zuwa uku bayan haka sai fitsari ya yi baƙi, ido ya yi rawaya, baya na ciwo, jini ya faɗi. A 1956 aka gano sirrin a Shikago, wajen binciken maganin masassara mai suna pirimakin. Dapson na kuturta da nitrofurantoyin na ciwon mara su ma suna cikin masu tayar da shi, har wani maganin masassara mai suna Lapdap, mai dapson a ciki, aka janye shi daga kasuwa a 2008 saboda haka. Zazzaɓi mai tsanani shi kaɗai ma yana iya tayar da shi.

Biyu daga cikin abubuwan da ke fasa irin wannan jini suna cikin ɗakin kowace mai jego. Ɗaya ita ce farar ƙwayar nan da a ke sa wa cikin akwatin tufafi don kyankyaso, wadda jama'a ke ce wa kafur, ainihin sunanta naftalin. Zanen goyo da ƴan rigunan da aka ajiye da ita tun ciki na wata bakwai, in aka naɗe jariri a ciki, warin kaɗai da abin da fata ta sha sun isa su fasa masa jini. Ɗayan kuwa lalle ne. Ga babba ado ne, amma likitoci a ƙasashen Larabawa da Turkiyya sun sha ba da labarin jarirai masu ƙarancin G6PD da jininsu ya fashe bayan an shafe musu jiki da lalle, wasu har suka rasu. Tun da ba a san wane jariri ke da halin ba sai an auna, abin da ya fi shi ne a raba kowane jariri da su biyun.

Jariri yana da nasa haɗarin dabam. Yawancin jarirai su kan ɗan yi rawaya a rana ta uku, ta wuce da kanta. Amma rawayar da ta fito tun a yinin farko, ko wadda ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, ko ta zo da ƙin nono da sanƙarewa, ba a kwana da ita a gida. Sau da yawa jinin uwa ne bai dace da na ɗan ba, ko ta wajen rukunin A, B da O, ko ta wajen Rezus, sai jikin uwa ya yi makaman da ke ƙetarawa su farfasa jinin ɗan. Bilirubin in ya yi yawa ya kan hau ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko shanyayye har abada. A asibiti a kan sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, in ta ƙi a sauya masa jini. Uwa mai Rezus «negatif» kuwa akwai allurar da a ke yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba. Saura kuma su ne ƙarin jinin da bai dace ba, da wata cuta da jiki ke juyawa ya yaƙi jininsa da kansa. Waɗannan ba su da yawa.

A ƊAKIN AWO

Ido na iya zato, amma ɗakin awo ke yanke hukunci, kuma tambaya uku ya ke amsawa: jinin nawa ya rage, fashewa ya ke yi ko kuwa, in fashewa ya ke yi me ke fasa shi.

Ta farko ba ta da wuya. A huda ɗan yatsa, a sa ɗigo a wata ƴar na'ura mai batir, cikin minti ɗaya ta nuna emoglobin. Namiji babba lafiyayye ya kan kai giram 13 ko fiye a kowane desilita, mace 12, ƙaramin yaro wajen 11. Yaro mai masassara da ya sauka ƙasa da 5 yana cikin haɗari. Ƙasa da 4, ko 4 zuwa 6 in yana haki, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ƙara masa jini ba jinkiri. Inda a ke juya jini a siririn bututun gilashi don a ga yawan ƙwayoyi, gwanin ma'aikaci ba ya jefar da bututun sai ya dubi ruwan da ya taso sama. In ya yi fari kamar ruwa, ƙarfe ne ya yi ƙaranci. In ya yi rawaya sosai, bilirubin ne. In ya yi ja-ja, ƙwayoyi na fashewa a cikin jijiya. Wannan dubawa ba ta cin ko dala.

Tambaya ta biyu madubin likita ke amsa ta. A shafa ɗigon jini siriri a kan gilashi, a rina, a duba. Jinin mai rashin ƙarfe ƙwayoyinsa ƙanana ne, koɗaɗɗu, tsakiyarsu fayau. Jini mai fashewa kuwa cike ya ke da sababbin ƙwayoyi manya masu ɗan shuɗi, waɗanda ɓargo ya turo tun ba su gama nuna ba. Sunansu retikulosit, kuma akwai rini na musamman da a ke ƙirga su da shi. A jinin lafiyayye ba su wuce 1 ko 2 cikin 100. A jini mai fashewa su kan kai 10, har 20. Wannan ƙirga ita ce ginshiƙin binciken duka, domin ita ke nuna ɓargo na aiki, ɓarnar a gaba ta ke. In mai amosanin jini ya yi fari ƙwarai aka kuma tarar retikulosit sun ɓace, to ɓargon ne ya tsaya, abin gaggawa ne. Siffar ƙwayoyin ma ta kan tona asiri: lauje na amosanin jini, masu kama da an gatsa gefensu na G6PD, ƴan dunƙulallu marasa farin tsakiya na yaƙin jiki da jininsa. Inda a ke da na'urar awon sinadarai, a kan ƙara da bilirubin, a ga irin wanda hanta ba ta riga ta tace ba ne ya hau. Da LDH, wanda ke tashi in ƙwayoyi sun fashe. Da haptoglobin, wanda ke faɗuwa. Awon hanta kuma shi ke raba wannan shawara da ta ciwon hanta.

Fitsari na da nasa bayani, kuma a ƙasar da yara ke wanka a tabki yana da muhimmanci. Jan fitsarin tsargiya, in an duba a madubi, za a ga ƙwayoyin jini ɗungum, har da ƙwan tsutsar. Na fashewar jini kuwa takardar awo za ta nuna akwai jini, amma madubi ba zai ga ƙwaya ba, don launin ne kaɗai ya fito.

Tambaya ta uku ita ce mai tarko. A kan fara da masassara, ko da awon gaggawa na TDR ko da ɗigo mai kauri da ma'aikata ke kira «gut epes». Amma a watan Satumba yara da yawa a ƙauye suna ɗauke da ƙwayar masassara ko da ba ita ta kwantar da su ba, kuma TDR ya kan ci gaba da nuna cutar makonni bayan an warke. Saboda haka samun masassara ba ya rufe bincike. Yaron da aka ƙara wa jini bara, aka ƙara masa bana, ko wanda ƴan'uwansa biyu suka mutu da irin wannan ciwo, a nemi amosanin jini. Awon Emmel, wanda aka ƙago tun 1917, a kan hana ɗigon jini iska a ga ko ƙwayoyi za su lanƙwashe; yana da araha, amma ba ya raba AS da SS, kuma an sha tsorata iyayen yaro lafiyayye da shi. Mai rabawa shi ne elektroforez, inda lantarki ke jera emoglobin iri-iri a kan takarda, A da S da C kowanne a layinsa. Yanzu ma akwai ƴan sanduna na gaggawa masu yin wannan aiki da ɗigo ɗaya ba lantarki. Awon Coombs, na 1945, shi ke nuna makaman da suka manne wa ƙwaya, a jariri ko bayan ƙarin jini. Awon G6PD kuwa in an yi shi a tsakiyar ciwo yana iya ruɗi, gama tsofaffin ƙwayoyi marasa mai gadi sun riga sun fashe, sababbi ne suka rage. Sai a sake bayan wata uku.

Akwai wata ƙa'ida da gaggawa ke sa a manta: a ɗebi jinin awo kafin a rataya ledar ƙarin jini. Da zarar jinin wani ya gauraya da na majinyaci, elektroforez da G6PD ba za su faɗi gaskiya ba sai bayan kamar wata uku, kuma uwar da ta fito daga ƙauye mai nisa da wuya ta komo a lokacin, tun da yaro ya samu sauƙi.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA DA JAMA'A

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta wuce mutum 500.000, kuma an daɗu ƙwarai tun daga nan. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Amma ɗauke kuɗi ba ya auna jini in babu gilashi da rini da batir, kuma madubin likita ba ya duba kansa. Abin da ya fi arha a cikin duk awon da aka ambata, watau shafin jini da ƙirgar retikulosit, shi ne ya fi bukatar ƙwararren ma'aikaci mai haƙuri, shi ne kuma a kan fara bari idan layi ya yi tsawo. Masu tsara kasafin gundumomi da na kananan hukumomi ya kamata su san kayan awo na damina tun rani a ke tanadinsu, kamar iri.

Sai kuma jinin kansa, wanda ba a sayensa a kanti. A watannin da yara suka fi bukatarsa maza na gona, kuma har yanzu akwai mai tsoron in ya ba da jini ƙarfinsa zai tafi. Babba lafiyayye mai shekara 18 da nauyin kilo 50 ko fiye yana iya ba da leda ɗaya, wajen mililita 450, jikinsa ya mayar cikin ƴan makonni. Namiji na iya sakewa bayan wata uku. Yaro mai nauyin kilo 10 kuwa mililita 200 a kan ƙara masa, watau leda ɗaya in an raba ta daidai ta ishi yara biyu.